Sabon macijin bowa a gida: tambayoyi da amsoshi ga masu kiwo a Maradi

Masu kiwon maciji a Maradi ba su da yawa, kuma tambayoyin da suke yi a makonnin farko kusan iri ɗaya ne. Yawancin bayanan da suke karantawa a intanet mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta su, su kuwa damuwarsu ita ce yadda za a ɗumama maciji a ƙasar sanyi. Tamu damuwar daban ce. Abin da ke kashe bowa a nan zafin bazara ne, da bushewar hunturu, da kuma ɗokin mai shi, wanda ba ya iya barin dabbar ta huta. A kan waɗannan ukun aka gina amsoshin da ke ƙasa.

Malam, shi wannan bowa ba mesarmu ba ce aka sake wa suna?

A'a. Abin da ya haɗa su shi ne dukansu ba su da dafi, naɗe abin da suka kama suke yi su matse shi. Amma mesa ƴar Afirka ce, ƙwai take yi ta kwanta a kansu, kuma tana iya haura mita 5. Bowa ɗan nahiyar Amurka ne, daga Meziko har arewacin Ajantina, kuma macen haihuwa take yi, sau da yawa ƴaƴa 20 zuwa 30 a ciki ɗaya, kowanne tsawonsa wajen rabin mita. In ya girma yakan tsaya tsakanin mita 2 da 3, macen ta fi namijin jiki. Ka duba leɓen mesa na sama za ka ga ƴan ramuka da take jin ɗumin jikin dabba da su. Bowa ba shi da irin waɗannan ramukan. Shi alamarsa faffaɗan tabo masu duhu jere a gadon baya, waɗanda ke komawa jaja-jaja wajen wutsiya, da wani zane da ya ratsa ta ido.

Yana shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula. Wanda ka saya yau yana kwanciya a tafin hannunka, nan da shekara 4 ɗaukarsa sai da hannu biyu. Ka yi lissafin wannan tun kafin ka biya kuɗi.

An kawo mini wani gajeren maciji mai kauri daga daji, an ce bowan rairayi ne. In karɓa?

Kada ka sa hannu. Gaskiya ne akwai ƙaramin bowa mai nutsewa cikin rairayi a yankin Sahel, har da Nijar, wanda bai cika wuce santimita 70 ba. Amma kububuwa ma gajera ce, launinta na ƙasa ne da tabo-tabo, kuma cikin macizai ita ce kan gaba wajen kashe manoma a Afirka ta Yamma. Wanda bai ƙware ba yana iya rikita su. Ban da haka, macijin da aka kamo daga daji yakan zo da tsutsar ciki da kaska, yakan kuma ƙi cin abinci har ya rame. Duk abin da ke shafin nan a kan babban bowa ne wanda aka haifa a hannun masu kiwo.

Sai da takarda ake riƙe shi?

Ƙwarai. Bowa yana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta tsara cinikinsu tsakanin ƙasashe. An sa mata hannu a Washinton a 1973, Nijar kuma tana cikinta tun 1975, don haka macijin da ya tsallako iyaka ya kamata a ce yana tare da takardar izinin fita daga ƙasar da ya baro. A cikin gida kuma akwai doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilun 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji. Ka je ofishin ma'aikatan gandun daji ka yi musu bayani kafin dabbar ta iso. In mai sayarwa ya ce maka zai shigo da shi ta Ɗan Isa cikin buhu ba wanda zai sani, to da kai da shi kun shiga hannu ranar da aka buɗe buhun.

Jibi zai iso. Me zan tanada?

Akwatin ya kamata ya riga macijin zama a gidan, aƙalla da kwana biyu ko uku, don ka ga yadda zafinsa ke hawa da sauka tsakanin azahar da asuba.

Ɗan ƙarami akwatin roba mai tsawon santimita 60 zuwa 90 ya ishe shi, a huhhuda shi da ƙusa mai zafi ta gefe, murfin kuma ya zama mai kamawa sosai. Babba sai an yi masa na katako da ƙofar gilashi, tsawon mita 2 ko fiye, faɗin kusan mita 1. Ka gaya wa kafinta kada ya bar ko ƴar kafa, ka kuma sa kwado. Ƙarfin bowa wajen ture murfi ya wuce yadda ido ke gani, ɗora bulo a kai ba dabara ba ce.

A ciki ana son maɓoya biyu, ɗaya a ɓangaren ɗumi ɗaya a ɓangaren sanyi. Kasko ko ƴar tukunyar ƙasa da aka kife aka fasa mata ƙofa a gefe, aka goge kaifin, ta fi duk wani abin roba da za ka sayo. Ta zama matsattsiya, yadda in ya yi gammo a ciki jikinsa zai taɓa ko'ina. Sai kwanon ruwa mai nauyi wanda zai iya shiga ciki gaba ɗaya, da reshe mai kauri, don ƙananan suna son hawa.

Shimfiɗa a watannin farko farar takarda kawai. Ba ta da kyan gani, amma duk abin da ya fita daga jikinsa, kashi ko ƙwaro, a kanta za ka gan shi. Rairayi ba nasa ba ne. Garin katakon kafintoci ba ka san itacen da maganin da ke cikinsa ba. Ɓawon gyaɗa kuwa, da muke da shi a banza, yana jin ruwa sai ya yi fumfuna.

Ma'aunin zafi biyu da ma'aunin laima ɗaya, na batir. Wanda ya ƙi sayen waɗannan bai shirya kiwon bowa ba.

A wane ɗaki zan ajiye shi?

Ɗakin da ya fi sanyi da shiru a gidan, kuma a ƙasa-ƙasa, ba bisa kabad ba. Maciji ba shi da kunnen waje, amma duk girgizar ƙasa tana ratsa jikinsa, saboda haka ka nisanta shi da bangon da ake daka a bayansa, da janareto, da injin niƙa in akwai a maƙwabta. Kada rana ta taɓa akwatin ko ta taga ce. Ɗakin kuma ya zama wanda ba a kunna maganin sauro, ba a fesa fiya-fiya, ba a turaren wuta. Abin da ke kashe sauro yana taɓa jijiyoyin maciji. Gidan sauro a taga ya wadatar.

Ya iso cikin jaka. Yaya zan fitar da shi?

In daga Yamai ya taso ya sha tafiyar sama da kilomita 600, don haka a galabaice yake. Ka rage hasken ɗakin, ka sallami ƴan kallo. Ka sa jakar cikin akwatin, ka kwance bakinta, ka ja baya. Za ka ga kai ya leƙo, harshe na fita yana komawa, da shi yake shinshinar wurin. Wani zai fito nan take ya bi bango yana tura hanci kowane lungu, wani sai ya yi awa guda bai motsa ba. Duk daidai ne. Yayin da yake fita ka ƙare masa kallo: ido garau, baki a rufe, ba kumfa a hanci, ba rauni, gadon baya bai tsaya kamar kaifin wuƙa don rama ba. Ka rufe, ka lulluɓe gefe uku na akwatin da zane, ka fita.

Ka tambayi mai sayarwa abu uku ka rubuta: ranar da ya ci abinci na ƙarshe, me ya ci, da ranar da ya yi saɓa.

Kwana nawa zan jira kafin in ɗauke shi? Abokaina sun matsu su gani.

A nan ne yawancin mutane ke ɓata lamarin. Mako biyu, kuma sai ya ci abinci sau biyu lafiya ba amai. Kafin nan aikinka canza ruwa, duba ma'auni, da cire takardar da ta ɓaci.

Dalili shi ne maciji ba ya sabo irin na kyanwa ko ɗan akuya. Ba ya kewar mutum, ba ya jin daɗin shafa. Abin da ya sani shi ne duk babban abin da ya zo ta samansa ya ɗaga shi, to cinye shi zai yi. A sabon wuri, inda warin komai baƙo ne, wannan tsoro ya ninka. Macijin da ke cikin tsoro ba ya cin abinci, in ya ci ma ya amayar, kuma ƙwayoyin cutar da jikinsa ke dannewa sai su samu hanya. Sau da yawa in ka bi labarin bowan da aka ce ya ƙi ci wata guda, za ka tarar tun daren farko aka yi ta yawo da shi a wuya ana ɗaukar bidiyo don TikTok.

Abokai su yi haƙuri. Shekara 20 yana nan.

Kullum yana cikin tukunya, ba na ganinsa. Lafiya kuwa?

Lafiya lau. Da magariba da dare yake harkarsa. Wanda ya kamata ya dame ka shi ne mai zarya ba tsayawa da rana tsaka yana goga hanci a murfi, wannan ko zafi ya yi masa yawa ko bai samu maɓoyar da ta gamsar da shi ba.

To bazara fa? Ɗakina da rana ko ni ba na iya zama.

Wannan ita ce babbar tambaya a Maradi. Bowa yana son ɓangare ɗaya na akwatin ya kai digiri 30 zuwa 32, ɗayan ya tsaya 25 zuwa 27, ya riƙa kai da komo tsakaninsu, domin jikinsa ba ya yin gumi kuma ba ya daidaita zafin kansa. A Afrilu da Mayu garin nan yana haura digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano kuma ya fi haka. In ko'ina a akwatin ya wuce 35 na tsawon awanni, ran macijin na cikin haɗari, kuma wanda ya tsira ma yana iya fita da taɓuwar ƙwaƙwalwa, ya riƙa karkace kai. Dazuzzukan da kakanninsa suka fito akwai ɗumi, amma a ƙarƙashin inuwar itatuwa da laima, ba irin wannan ba.

Saboda haka daga Maris zuwa saukar damina ka kashe duk wani abin ɗumamawa. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin siminti da kwano nesa ba kusa ba. Ka sauke akwatin a daɓe. Ka jiƙa buhun algarara ka rataya a gefen da ramukan iska suke, fanka na bugawa daga nesa, ruwan na bushewa yana jan zafin. Randa cike da ruwa jingine da bangon akwatin ita ma tana taimakawa. Daga azahar zuwa la'asar ka ɗora robar ƙanƙara naɗe da tsumma a kan murfin ta ɓangaren sanyi, ba a ciki inda zai kwanta a kanta ba. Kwanon ruwansa kada ya taɓa bushewa. In kana da na'urar sanyaya ɗaki, ka tsaida ta wajen 27, iskar kuma kada ta riƙa dukan akwatin kai tsaye.

Sai ka tambayi kanka abin da zai faru in wuta ta ɗauke ƙarfe 2 na rana kana kasuwa. In ba ka da sola ko wani a gida da zai jiƙa buhu, to shawarata ka jinkirta sayen har damina ta sauka. A ganina Yuli zuwa Satumba ne lokacin da ya fi dacewa a kawo sabon bowa garin nan, don a watannin ne zafi da laimar waje suka fi kusa da abin da yake so, ya samu ya zauna da gindinsa kafin a shiga wahala.

In ka same shi baki buɗe, jiki saɓule saboda zafi, ka sa shi a ruwan randa marar zurfi, kai a waje. Kada ka kwara masa ruwan ƙanƙara.

Hunturu kuma?

Matsala biyu ce. Ta farko bushewa. Bowa yana son laima kashi 60 zuwa 70 cikin 100, mu kuwa a Fabrairu da Maris iskarmu tana sauka ƙasa da kashi 20. Ka toshe wasu ramukan iska da salatif, ka ƙara faɗin kwanon ruwa, ka yayyafa ruwa a bangon akwatin safe da yamma. Abin da ya fi aiki shi ne maɓoya ta uku: tukunyar ƙasa da aka jiƙa, a ciki a sa tsumma mai tsabta da aka matse, ana wanke shi bayan kwana biyu. Shimfiɗar kanta kada ta zama jagab, don kwanciya a jiƙe tana ruɓar da fatar ciki.

Ta biyu sanyin dare. A Disamba da Janairu asuba tana sauka digiri 15 ko ƙasa, shi kuwa bai kamata ya kwana ƙasa da 24 ba. Ana amfani da faifan ɗumamawa na lantarki a ƙarƙashin kashi ɗaya cikin uku na akwatin, haɗe da na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai. Ƙwan fitila tsirara a ciki yana ƙona su, don maciji yana iya naɗe abu mai zafi bai sake ba har fata ta tashi. In ba wuta, robar ruwan ɗumi naɗe da tawul a jikin akwatin ta waje, a rufa bargo. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kuwa yana iya kashe ku ku biyun.

Yaushe zan ba shi abincin farko, kuma me?

Bayan kwana 7 zuwa 10 da isowa, da magariba. Ka ba shi irin abin da ya saba ci a inda ya fito. Kaurin ɓeran kada ya wuce wurin da ya fi kauri a jikin macijin, na farkon ma gara ya ɗan gaza haka.

Mataccen ɓera ake bayarwa. Mai rai yana da haƙora, kuma macijin da ba ya jin yunwa zai kwanta ɓera ya yi ta gatsar bayansa. In daga firiza ka ciro, ka sa shi a leda cikin ruwan ɗumi har cikinsa ya yi laushi, ba sauran ƙanƙara. Ka riƙe shi da dogon awartaki, ba da yatsu ba, ka ɗan karkaɗa shi a bakin maɓoya. Za ka ga harshe ya ƙara sauri, wuya ya lanƙwashe, sai sara ɗaya kamar ƙiftawar ido, ya nannaɗe shi. Ko da yake matacce ne sai ya matse shi na ɗan lokaci, sannan ya sassauta ya lalubo kai ya fara haɗiya. A da ana cewa numfashi suke toshewa, amma wani bincike da aka yi a Amurka a 2015, a kan bowa ɗin kansa, ya nuna gudun jini suke tsaidawa. Da ya kama, ka rufe ka ba shi wuri.

Ƙarami ana ba shi bayan kwana 7 zuwa 10, matashi bayan mako 2, babba bayan mako 3 zuwa 4. Bowa ba ya cewa ya ƙoshi, kuma ƙiba tana rage masa kwana. Bayan kowane ci, kwana 3 ba taɓawa.

Ga ɓeraye nan cike da rumbu da shago. Ba sai in riƙa kama masa ba?

Kada ka fara. Ba ka san wanda ya ci maganin ɓera a gidan maƙwabci ba, kuma gubar tana wucewa cikin macijin. Suna ɗauke da tsutsar ciki. Kai kanka akwai haɗari, don wani ɓeran gida da ke yankin nan shi ke yaɗa zazzaɓin Lasa da ake fama da shi a Najeriya. Mafita ita ce ka yi kiwon fararen ɓeraye da kanka a wani ɗaki daban, da gero da dussa da ƙuli-ƙuli. Ƴan tsaki suna toshe giɓi lokaci-lokaci, sai dai suna sa kashi ya yi ruwa. Tsokar nama daga mahauta ba abinci ba ce gare shi, yana bukatar dabba sukutum da ƙashi da hanji da gashi. Naman firizan da ya narke ya sake daskarewa saboda ɗaukewar wuta kuma a zubar.

Wannan batun na abinci a warware shi kafin a sayi maciji, ba bayan ya iso ba.

Ya ƙi ci. Ko kuma ya ci ya amayar.

Ƙin ci sau ɗaya ko biyu ba komai ba ne, lafiyayyen bowa yana makonni ba abinci. Ka cire ɓeran, ka duba ma'auni, ka jira mako guda cur kafin ka sake gwadawa. Tura masa abinci kullum ƙara firgita shi yake yi. Ɗura kuwa aikin likita ne.

Amai ya fi nauyi. Za ka gane shi da wari mai tsanani, ɓeran ya fito rabi a narke bayan kwana biyu ko uku. Sababin yawanci ɗaya ne cikin huɗu: an taɓa shi da wuri, abincin ya yi girma, sanyi ya yi yawa, ko zafi ya yi yawa. Ka ba cikinsa hutun mako 2 zuwa 3, sannan ka ba shi rabin girman na da. In ya sake, sai likitan dabbobi. Farin abu kamar alli da kake gani tare da kashinsa ba amai ba ne, fitsarinsa ke nan.

Idonsa ya yi fari-fari, fatarsa ta dushe. Makancewa zai yi?

Saɓa zai yi. Idon zai yi kwanaki a haka, ya washe, bayan wasu kwanakin ya goga hanci a jikin tukunya ya fita daga tsohuwar fatar, ya bar ta a juye. A wannan lokacin ba ya gani sosai, don haka ba ɗauka, ba abinci, a ƙara laima. Ka ɗaga saɓar ka duba: in ta fita guda ɗaya har da murfin ido biyu da ƙarshen wutsiya, laimarka ta yi. In ta fita gutsi-gutsi, hunturu ya yi aikinsa. Ka sa shi cikin jiƙaƙƙen tawul mai ɗumi na rabin awa ya yi ta shige da fice. Kada ka ɓanɓare ta ido da farce.

Yana huci yana kai mini sara. Mugu aka sayar mini?

Tsoro ne, kuma ƙananan sun fi yi. Hucin bowa yana da ƙarfi har a ji shi daga tsakar gida. In lokacin fara ɗauka ya yi, ka wanke hannu don kada ya ji warin ɓera ko kaza, ka fara taɓa tsakiyar jikinsa da sanda mai santsi don ya gane ba abinci ne ya zo ba, sannan ka ɗauko shi ta gefe, hannu biyu a ƙarƙashinsa. Kada ka damƙi wuya ko ka ja wutsiya. Minti 5 ya isa, sau biyu a mako, a ƙara a hankali.

In ya cije ka ya sake, ka wanke da sabulu, ka sa maganin rauni, ka tabbata allurar tetanus ɗinka ba ta tsufa ba. In ya riƙe, kada ka fizge, haƙoransa baya suke kallo. Ka zuba masa ruwan sanyi a kai, ka warware shi daga wutsiya. Wanda ya kai mita 2 ba a ɗaukarsa sai da mutum na biyu a ɗakin, kuma ba a rataya shi a wuya, ko mene ne girmansa.

Na ga wasu baƙaƙen ɗigo suna motsi a kan takarda da cikin ruwansa.

Ƙwarin maciji ne masu shan jini, kamar ƙumar kaji, suna maƙalewa a gefen ido da ƙarƙashin haɓa. Macijin da ya wuni cikin ruwa ba zafi ake yi ba, ka zarge su. Ka jiƙa shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi, ka wanke akwatin da ruwan jabel da aka sirka, ka ɗauraye sosai ka shanya, ka zubar da reshe da takarda. Ƙwansu na ƙyanƙyashewa daga baya, don haka sai an maimaita har makonni. Kada ka shafa masa maganin kaskar shanu, kananzir ko baƙin mai.

Saboda irin wannan ne ake keɓe sabon maciji wata 3 a ɗakinsa shi kaɗai da kayan aikinsa, in kana da wasu. Akwai wata cutar bowa da mesa da ba ta da magani, wadda a 2012 aka gano ƙwayar bairos ɗin da ke tare da ita. Bowa yana iya ɗauke da ita watanni ba alama, mesa kuwa tana kamuwa take faɗuwa. Alamunta amai a kai a kai, ɗaga kai sama ya ƙura wa rufi ido, da kasa juyowa in aka kwantar da shi rigingine. Waɗannan, da kumfa a hanci, numfashi mai ƙara, ko kumburin baki, duk na likita ne. Likitocin dabbobinmu sun fi sabawa da shanu da jar akuya da kaji, saboda haka ka nemi wanda zai yarda ya duba maciji tun yana lafiya, ka je masa da rubutaccen tarihin ci da saɓa da zafin akwati.

Ni uwa ce. Ɗana ya shigo mana da wannan abu gida, ga jikoki. Me zan yi?

Hajiya, tsoronki yana kan hanya. A ƙasar da kusan kowane dangi sun san wanda kububuwa ko gamsheƙa ta sara, ba wanda zai ce miki ki saki jiki, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ma gudu yake. Wannan dai ba shi da dafi. Amma gidanki ne, kuma kina da ikon kafa sharaɗi: ɗaki mai kulle, akwati mai kwado, makulli a hannun mutum ɗaya, ba yaron da zai shiga shi kaɗai. Macizai suna ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, don haka yara ƴan ƙasa da shekara 5, da masu juna biyu, da tsofaffi kada su taɓa shi, kwanonsa kuma kada ya kusanci madafa ko wurin wanke-wanke. Maƙwabta na jikin katanga su ma a sanar da su.

Ta fuskar addini, akwai hadisan da suka yi umurni da kashe maciji, kuma a kansu malamai da dama suka hana saye da ajiye shi. Ki tura shi wajen malamin da kuka yarda da shi ya ji fatawa da kunnensa. In kuma dabbar tana hannunsa, ki tuna masa da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. In kin ce ba za a zauna da shi ba, a maida wa mai sayarwa ko a miƙa wa ma'aikatan gandun daji. Kada a kai shi bakin Gulbi ko dajin Madarunfa a saki.

Na wayi gari akwatin ba kowa!

Ka rufe ƙofar ɗakin, ka toshe ƙasanta da tsumma, ka gaya wa mutanen gida nan take, don in wani ya ci karo da shi ba shiri, sanda zai ɗauko. Sabon maciji ba ya nisa a daren farko, bango yake bi har ya samu wuri mai duhu da matsi. Ka fara da bayan akwatin kansa, sannan ƙarƙashin katifa, cikin takalma, bayan firiji, cikin kujera ta ƙasa, bayan randa, da tarin buhuna. Ka duba sama ma, kan labule da kabad. Ka toshe rariya da bakin masai. In ba a gan shi ba, da dare ka barbaɗa garin gero siriri a bakin kowace ƙofa, ka ajiye tukunyarsa da kwanon ruwa a jikin bango, ka kashe fitila. Da safe sawun cikinsa a kan garin zai nuna maka ɗakin da ya shiga. In ka same shi, ka gyara kafar da ya bi kafin ka maida shi, sannan lissafin mako biyun nan na rashin taɓawa ya koma farko.